Sabuwar laftof ta shigo hannu: me za a zuba mata, me za a bari?

Daga filinmu na kimiyya da fasahar zamani

  

A 'yan makonnin nan saƙonninku sun yi ta zuwa a kan tambaya guda, kowa da irin lafazinsa. Ɗalibi ya ce an saya masa laftof zai shiga jami'a. Wata mai shago ta ce tana so ta daina rubuta bashi a littafi. Wani malamin makaranta ya ce ɗansa ne ya aiko masa da ita daga waje. Dukansu tambayar ita ce: to, ga ta a hannu, wace manhaja zan zuba mata?

Amsarmu a gajarce ita ce: kaɗan. Manhaja kaɗan, wadda aikinka ya nema, wadda ka ɗauko daga hannun masu ita. Kwamfutar da ke da manhaja goma da ka san asalinsu ta fi mai hamsin da ba ka san inda aka kwaso su ba, a wajen sauri da kuma wajen aminci. Za mu yi magana ne a kan kwamfuta mai Windows, don ita ce ta fi yawa a hannun mutanenmu.

Fara sanin abin da ka saya

Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin abin da muke kira sabuwa, a hannunmu ne kawai take sabuwa. 'Yar gwanjo ce, ta yi shekaru tana aiki a wani ofis a Turai ko Amurka kafin ta sauka a Kwatano ko Ikko, ta biyo mota zuwa kasuwanninmu. Wannan ba aibi ba ne, da yawansu ma sun fi sababbin masu araha ƙarko. Sai dai kafin ka ɗora mata kaya, ka san lafiyarta.

Na farko batir. Windows da kanta tana iya ba ka rahotonsa, ba sai ka sauke komai ba. Ka buɗe baƙin allon nan da ake kira Command Prompt, ka rubuta powercfg /batteryreport, ga shi nan a rubuce ga masu karanta takardar shirin. Rahoton zai nuna maka lambobi biyu: yawan cajin da batirin yake ɗauka ranar da ya fito daga kamfani, da wanda yake iya ɗauka yanzu. Idan ta biyun rabin ta farkon ce, to rabin batir ka saya. A garuruwanmu da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na biyu rumbun ajiya, inda duk fayilolinka za su zauna. Akwai 'yar ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo. Tana nuna awoyin da rumbun ya yi yana aiki, kuma tana nuna lafiyarsa da launi: shuɗi lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja ya kusa mutuwa. Ka ga rawaya ko ja, ka mayar wa mai shago tun cinikin yana ɗanye.

Na uku, wace Windows ce a kanta? Kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun watan Janairun 2020. Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, sai dai an ba masu amfani da ita a gida da suka yi rajista ƙarin shekara guda, zuwa Oktoban 2026. Windows 11 tana son aƙalla ram mai gigabait 4, da rumbu mai gigabait 64, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Idan injin na Intel ne, yawanci sai daga zubi na takwas zuwa sama. Kada sunan Core i5 ko Core i7 ya ruɗe ka, akwai tsoho akwai sabo. Dubi lambar da ke bin sunan: i5-6200U zubi na shida ne, i5-8250U na takwas ne. Wanda tasa ba ta kai ba, ya ɗan jira, akwai maganarsa a gaba.

Na huɗu, kuma wannan ku saurara da kyau: da asusun wa aka buɗe kwamfutar? Sau da yawa mai shago ko mai gyara yakan sa imel ɗinsa don ya gama saitin da sauri. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna kulle rumbunsu da kansu da wani tsari mai suna BitLocker, kuma mabuɗin gaggawa, lamba ce mai alƙalumma 48, yana tafiya ne cikin asusun Microsoft da aka buɗe kwamfutar da shi. Ranar da ta nemi wannan lambar, in asusun ba naka ba ne, kai da fayilolinka sai kallo. Saboda haka ka buɗe naka asusun, ka shiga da shi, ka nemo lambar ka rubuta a takarda, ka adana inda kake adana takardar fili.

Rage kafin ka ƙara

Laftof da ta fito daga kwali ma ba fanko take zuwa ba. Kamfanoni sukan cusa mata wasanni, da manhajojin talla, da riga-kafin bairos na gwaji wanda bayan kamar wata guda zai fara damunka da neman kuɗi. Shiga saitin kwamfutar, wajen jerin manhajoji, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasan da ba ka yi, cire shi. Riga-kafin gwajin da ba ka da niyyar biya, cire shi. Amma wadda ba ka gane aikinta ba, musamman mai ɗauke da sunan Intel ko AMD ko Realtek ko kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, bar ta sai ka tambaya, don wataƙila ita ke riƙe da sauti ko hoto.

Daga nan ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Zai buɗe maka wurin da ake ganin duk abin da ke gudana. Akwai sashen manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Kashe waɗanda ba ka buƙata da sassafe. Da yawan masu kukan cewa kwamfutarsu na da nauyi, wannan kaɗai ya ishe su.

Maganar “cikakken kaya”

To, yanzu mun zo inda gizo ke saƙa. Ka sayi laftof, sai mai shago ya ce, Alhaji, kawo ɗan wani abu a cika maka ita da komai. Ya zura filas, abin da 'yan'uwanmu na Nijar ke ce wa kile, cikin awa guda ga Office, ga Photoshop, ga CorelDRAW, ga riga-kafi iri biyu, ga wasanni. Ka tafi gida kana murna ka yi riba.

Waɗannan manhajoji na kuɗi ne. Abin da aka zuba maka kwafe ne da wani ya fasa wa makulli ya watsa a intanet. Tambayar da ya kamata ka yi wa kanka ita ce: mutumin da ya ɓata dare da rana yana fasa makullin nan, ya raba wa duniya kyauta, me yake samu? Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Sau da yawa abin da yake samu shi ne ƙofar shiga kwamfutarka.

Ga misali na zahiri. Akwai wani bairos da masana tsaro ke kira STOP ko Djvu, wanda babbar hanyar yaɗuwarsa ita ce irin waɗannan manhajojin da aka fasa. Aikinsa garkuwa da fayiloli. Zai kulle takardunka da hotunanka, ya canza musu suna, ya bar maka wasiƙa cewa ka biya kuɗin fansa, wanda a shekarun baya dalar Amurka 980 ne, ko 490 in ka tuntuɓe su cikin awa 72. Kuma yakan zo da abokin tafiya mai kwashe kalmomin sirrin da ka adana a burauza: na imel, na Facebook, na banki. Ka auna wannan da ɗalibin da ya yi wata shida yana rubuta kundin kammala karatu, ko ɗan kasuwar da lissafin bashinsa na shekara yake ciki.

Ba muna cewa masu shago da masu gyara macuta ba ne. Yawancinsu su ma daga intanet suka kwaso, ba su san abin da ke ƙunshe a ciki ba. Amma akwai alama guda da kowa zai iya ganewa. Idan aka ce sai an kashe riga-kafi kafin manhajar ta shiga, to tsaya nan. Baƙon da ya ce sai an kori mai gadi kafin ya shigo gida, ai ya gama faɗa maka ko shi wane ne.

Wanda sana'arsa ta dogara da manhajar kuɗi, kamar mai zanen gini ko mai ɗab'i, ya saya ta halal, ya sa kuɗin cikin jarin sana'a. Sauranmu kuwa, kusan duk aikin da muke yi akwai manhajar kyauta ta gaskiya da ke yin sa.

Mai gadi ɗaya ya isa

Windows 10 da 11 suna zuwa da riga-kafinsu a ciki, Microsoft Defender. Ga mai aikin yau da kullum ya wadatar, muddin yana kunne kuma yana samun sabuntawa. Kada ka tara riga-kafi biyu ko uku kana ganin ƙarin tsaro ne. Taura biyu ba ta taunuwa: za su yi ta karo da juna, kwamfutar ta yi nauyi.

Sabuntawar nan da mutane ke kashewa don tana cin data, ita ce rabin tsaron. A watan Mayun 2017 wani bairos mai suna WannaCry ya kama kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitoci a Ingila suka riƙa ɗage ganin marasa lafiya. Alhali Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba.

Mun san data da tsada, ko ka ce forfe. Ga dabara. Idan da wayarka kake jona laftof, shiga saitin wannan layin ka kunna abin da aka rubuta wa Metered connection, ko Connexion limitée ga mai kwamfutar Faransanci. Windows za ta rage sauke manyan kaya ta wannan layin. Sannan ka ware rana, ko sau ɗaya a wata, ka je inda ake da intanet mai yalwa, makaranta ko ofis, ko ka sayi datar dare, ka bar ta ta sabunta har ta gama.

Sai bairos ɗin filas, wanda duk mai zuwa shagon buga takardu ya san shi. Ka dawo gida ka ga foldodinka duk sun koma 'yan alamomi masu kibiya. Kada ka danna su, dannawar ce ke sakin bairos ɗin. Fayilolinka yawanci suna nan, ɓoye su aka yi. Ka sa Defender ya bincike filas ɗin tukuna, sannan ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli ka kwashe kayanka.

Akwai kuma dangin manhajojin da ke alƙawarin wanke kwamfuta, ko ƙara mata gudu, ko sabunta direbobi. Ku bar su. Windows tana da mai shararta, Storage Sense, tana kuma kawo direbobi ta hanyar sabuntawarta. A 2017 ɓarayin intanet sun cusa bairos a cikin CCleaner, ɗaya daga cikin fitattun manhajojin shara, mutane fiye da miliyan 2 suka sauke gurɓataccen kwafen daga hannun kamfanin kansa. Darasin shi ne, kowace manhaja da ka ƙara ƙofa ce ka ƙara wa gidanka. Wadda ba ka buƙata, kada ka buɗe ta.

Biyar na aikin yau da kullum

Ta farko burauza. Edge tana nan cikin Windows, tana aiki, har takardun PDF tana buɗewa. Mai son wata ya ɗauki Firefox ko Chrome, guda ɗaya. A kan Firefox ana iya ƙara uBlock Origin, mai tare tallace-tallace. Shafi zai buɗe da sauri, data ta ragu, kuma maɓallan ƙarya masu cewa danna nan ka sauke za su ragu sosai.

Ta biyu manhajar ofis. LibreOffice kyauta ce, wata gidauniya da ke Jamus ce ke kula da ita. A cikinta akwai Writer na rubutu, da Calc na lissafi, da Impress na gabatar da bayani a allo. Tana buɗe takardun Word da Excel, tana aiki ba tare da intanet ba, ana iya sa ta da Faransanci ko Ingilishi, tana kuma duba kuskuren rubutu a harsunan biyu. Abu biyu za ka kiyaye. In za ka tura wa mai Word takarda, adana ta a matsayin docx. In kuma bugawa za ka kai, mayar da ita PDF tukuna, don tsarin shafi yakan ɗan goce daga wata manhaja zuwa wata. Wanda makarantarsa ko ofishinsa ya ba shi lasisin Microsoft Office na gaskiya, ya yi amfani da abinsa.

Ta uku VLC, mai alamar hular kan titi ruwan lemo. Ɗalibai ne suka fara ta a wata makarantar injiniyoyi a Faransa a 1996. Kusan duk bidiyo ko sautin da aka turo maka za ta buɗe, karatu ne ko wa'azi ko fim, ba talla ba neman kuɗi.

Ta huɗu 7-Zip, ta kwance fayilolin da aka ɗaure wuri guda da kuma ɗaure su. Ba ta kai megabait 2 ba.

Ta biyar ga mai yawan karatu: SumatraPDF, 'yar ƙarama mara nauyi, tana buɗe manyan littattafai ko a tsohuwar kwamfuta.

Daga ina za a ɗauko su? Daga shafin masu su, ko daga Microsoft Store. Rubuta adireshin da hannunka: libreoffice.org, videolan.org, 7-zip.org. In ka yi bincike a Google, ka lura sakamakon farko sau da yawa talla ne, kuma 'yan damfara kan sayi wannan gurbin su sa shafi mai kama da na gaskiya. Wani abin daɗi kuma, lasisin waɗannan manhajoji ya yarda a kwafa a raba. LibreOffice ta haura megabait 300, don haka mutum ɗaya ya sauke, ya ba abokan ajinsa a filas mai tsabta. Wannan rabo ne na halal.

Kwamfutar da ta iya harshenka

Mu mutanen bakin iyaka muna da wata matsala da wasu ba su da ita. Laftof da ta fito daga Faransa ko Beljiyam, jerin haruffanta na sama yana farawa da AZERTY. Wadda ta fito daga Ingila ko Amurka tana farawa da QWERTY. In saitin ciki bai dace da abin da ke rubuce a kan maɓallan ba, ka danna A sai Q ta fito. Wasu har sukan kai gyara, alhali lafiyarta lau. Shiga saitin harshe ka zaɓi allon rubutun da ya dace. Kana iya sa biyu ko uku, Faransanci da Ingilishi da Larabci, kana sauyawa ta danna maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara.

Sai haruffanmu masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke rubuta 'y. Rashinsu na canza magana. Ƙasa daban kasa daban, ɓata daban bata daban. Windows tana da allon rubutun Hausa a cikin jerin harsunanta, sai dai a ƙara shi. Akwai kuma Keyman, manhajar kyauta ta ƙungiyar SIL, mai allunan rubutu na harsunan Afirka da dama, har da Hausa. Idan ka ga ɗan akwati a gurbin ƙ ko ɗ, salon haruffan da ka zaɓa ne ba shi da su. Sauya zuwa Andika ko Charis, su ma kyauta ne. Masu ajami kuma akwai salon da ake kira Alkalami, wanda aka zana bisa irin rubutun hannu na Kano.

Ga 'yan kasuwa, ku duba saitin yanki kafin ku fara lissafi. A tsarin Faransanci waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, a na Ingilishi kuwa ɗigo ne. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne a rubutun Faransanci, wato ɗari shida da hamsin da biyar da 'yan kai. Ka shigar da wannan lambar a kwamfutar da aka saita da Ingilishi, za ta karanta dubu ɗari shida da hamsin da biyar da ɗoriya. Mai tura lissafi tsakanin Maraɗi da Kano ya ga inda rigima za ta iya tashi. Haka kwanan wata: kwamfutar Amurka tana fara sa wata kafin rana, sai 03/04 ya zama 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu. Gyara wannan minti biyu ne.

In babu intanet fa?

Duk manhajar da za ka zaɓa, tambayi kanka: ranar da data ta ƙare ko layi ya ɗauke, za ta yi aiki? Shi ya sa muka fifita waɗanda muka ambata. Ga ƙarin biyu. Kiwix tana ba ka damar sauke Wikipedia, ta Hausa ko ta Faransanci ko ta Ingilishi, ka riƙa karantawa ba intanet. Akwai ƙananan kwafe marasa hotuna ga mai ƙaramin rumbu. Malamin ƙauye zai ji daɗinta ƙwarai. LocalSend kuma tana tura hoto da takarda tsakanin waya da laftof, in dai suna kan layin wayfay ɗaya, ba tare da an ci data ba.

Ajiya, wadda ta fi kowace manhaja

Laftof ana sayen wata. Kundin digiri da hotunan iyayen da suka rasu da lissafin shago ba a sayensu a kasuwa. Rumbu yana mutuwa ba sallama, ana sata, ruwa na zubewa, jaka na faɗuwa daga kan babur. Saboda haka duk abin da ba za ka iya jure rashinsa ba, ya zauna a wuri uku: a kan laftof, a rumbun waje ko filas da aka ware don wannan kaɗai, da kuma ma'ajiyar intanet. Google Drive tana ba da gigabait 15 kyauta, wanda kake rabawa da Gmail ɗinka. OneDrive tana ba da 5. Bidiyo zai cinye su nan da nan, amma takardu dubbai za su shiga.

Rumbun wajen kuma, in ka gama kwafa ka zare shi. Bairos mai garkuwa yana kulle duk abin da ya tarar a jone. Kada kuma ya kwana jaka ɗaya da laftof, don ɓarawo jakar yake ɗauka gaba ɗaya. Lokaci-lokaci ka buɗe fayil ɗaya daga ciki ka tabbatar yana buɗuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kalmomin sirri ma suna son ma'aji. Kalma ɗaya a imel da Facebook da banki, in aka sace ta an sace duka. KeePassXC tana adana su a kulle a kan kwamfutarka, ba ta buƙatar intanet. Bitwarden tana haɗa na waya da na laftof. Kai dai ka riƙe babbar kalma guda mai tsawo. Sannan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel ɗinka, don shi ne mabuɗin sauran.

In gida ɗaya ake amfani da laftof ɗin, buɗe wa yara da ƙanne nasu asusun na daban, wanda ba shi da ikon girka manhaja. Yawancin bairos ɗin gida ta wasan da yaro ya sauke yake shigowa. In za ka tashi, danna maɓallin Windows da L, ta kulle. Hajiya mai shago, ke ma in kin jona WhatsApp ɗinki a kwamfutar wani, ki tuna ki fita kafin ki bar wurin.

Kowa da sana'arsa

Bayan waɗannan, sai abin da sana'arka ta nema. Ɗalibin jami'a ya ƙara Zotero, tana tattara masa littattafan da ya karanta, ta jera masa manazarta a ƙarshen kundi. Mai ɗaukar karatu ko wa'azi ko shirin rediyo irin namu ya ƙara Audacity, ta yanke sauti da rage hayaniya. Mai gyaran hoto akwai GIMP, mai zanen tambari da kati akwai Inkscape. Mai shago kuwa Calc ta ishe shi: shafi ɗaya na kaya, ɗaya na bashi, ɗaya na canjin naira da sefa. Kada ka zuba manhaja don wataƙila wata rana. Ranar da aikin ya zo, ka sauke ta.

Mun yi alƙawarin komawa kan wanda laftof ɗinsa ba za ta ɗauki Windows 11 ba. Kada ka jefar da ita, kada kuma ka ci gaba da shiga banki da Windows da aka daina yi wa gyara. Akwai Linux Mint, tsari ne na kyauta da ke maye gurbin Windows ɗungurungum. Yana tashi da ram mai gigabait 2, ya fi sakewa da 4, kuma yana zuwa da Firefox da LibreOffice a ciki. Ana iya gwada shi daga filas ba tare da an goge komai ba. Sai dai wasu manhajojin Windows ba sa aiki a kansa, don haka in makarantarka ko ofishinka na da wata manhaja ta dole, tambaya tukuna. Kuma ka kwashe fayilolinka kafin a girka shi.

To jama'a, ga jerin aikin ranar farko ga mai alƙalami a kusa. Duba batir da rumbu. Tabbatar asusun naka ne, ka rubuta lambar gaggawa. Cire tarkacen da ba ka buƙata. Bar Windows ta sabunta, ka ga Defender na kunne. Gyara harshe da allon rubutu da saitin yanki. Sannan burauza, LibreOffice, VLC, 7-Zip, da guda ɗaya ko biyu na sana'arka. Ka tsara ajiya tun kafin ka rubuta shafin farko. In wani ya ce zai cika maka ita da komai, ka yi masa godiya, ka ce kaɗan ta ishe ka.

Lokaci ya ƙure mana. A ci gaba da aiko da tambayoyi ta hanyoyin da aka saba, da Hausa ko Faransanci ko Ingilishi, duk muna karantawa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba yadda ake kare laftof daga zafi da ƙurar hunturu da wutar da ke hawa da sauka. Allah ya sa albarka a abin da aka saya. Mu kwana nan, a huta lafiya.